Abin da Ke Aljihun Yayanku

Ranar sunan ɗiyar Hadiza ina kwance a ɗaki, ƙafafuna sun kumbura, sai na ji kun sa yayanku a gaba a tsakar gida da tsohuwar tsokanar nan taku. Ke Hadiza ce kika fara, muryarki ko cikin taron biki ba ta ɓace mini.

"Yaya, mi Inna Barira ta ɗaure ma Sani?"

Sauran suka amsa baki ɗaya, "Ƙuli-ƙuli!"

Aka fashe da dariya, har da matarsa, har da jikokin da ko auren iyayensu ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Shi ma ya yi dariyar, kamar yadda ya saba. Mutum da furfura a gemu, wanda in ya shiga kasuwar dabbobi dillalai ke matsawa su ba shi wuri a tabarma, amma a gidan ubansa har yau shi ne wanda ya kasa amsa tambaya a kan uwarsa. Ni kuwa ina ciki ni kaɗai na ja mayafi na rufe fuska. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ba ta tsufa. Ranar na ce ko sauran labarin rayuwata ya tsaya, wannan babin sai na rubuta shi, don ku bar wa bawan Allah wannan tsokana.

Sai na koma baya kaɗan, saboda jikokina da suka tashi a Yamai ba za su gane ba. A Birnin Lalle inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa gwiwa wata ce za ta ɗaga shi. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayata ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son ta. Haka na taso, haka na zo da shi Dakoro gidan mahaifinku, na tarar da kakarku Iya, uwar mijina, ta fi uwata riƙo. Da na yaye yayanku, Iya ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, can yake ci can yake kwana. In ina son a kira shi sai in ce "ku kira mini ɗan Iya." In babu kowa sai ni da shi, in ce "kai." Har mai kawo mana ruwa da ke da suna irin nasa sai da na laƙaba masa Dogo don kada bakina ya kuɓuce. Ku da kuka biyo baya na goya ku, na yi muku waƙa, na dake ku da hannuna. Shi ko dukan bai samu ba.

Yana kolej aka buɗe ƙaramin gidan rediyo a garin nan. Suna neman matar da ta iya karatu don wasan kwaikwayo, abin da muke ce wa teyatur, ni kuwa na yi lakwal, wato boko, har na gama firamare, kuma bakina ba ya mutuwa. Mahaifinku ya ce in dai murya ce ba fuska ba, in je. Aka ba ni Inna Barira, wata gwauruwa mai sayar da fura, da ɗanta tilo Sani, yaro mai rawar kai da kullum sai ya jawo mata magana. Abdu, mai gabatar da shirye-shirye, shi ne ke tsara labarin. Amma Abdu rago ne wajen rubutu. Sai ya miƙo mini takarda da layi biyu, ya ce sauran ki cika da bakinki, Hajiya, kin fi ni sanin uwa. To na cika. Ban san ina da maganganu haka a cikina ba sai da aka rufe ni a wannan ɗaki mai zafi, aka ɗora mini mikro a gaba. Na lallashi Sani, na yi masa faɗa, na yi masa kuka, kuma duk lokacin da zai fita sai in ce, "Sani, ɗana, ka tahi lahiya ka komo lahiya, idona na bisa hanya." Wannan magana ta shiga gari. Mata na faɗa wa ƴaƴansu in za su tafi kiwo, direbobin tasha na tsokanar juna da ita. In na dawo gida kuwa, sai in wuce ƙofar ɗakin Iya in ji an kashe rediyo, in ga takalman yayanku a bakin ƙofa, in wuce ɗakina.

Shekarar da zai tafi lise, babbar sakandare, a Maradi, kowa ya yi masa guzuri a fili. Ni ba ni da wannan damar. Ina da wani tsohon kallabi kore, da garwashi ya taɓa ƙona masa baki ɗaya. Na sayi cuku mai kyau wajen wata Buzuwa, na haɗa da dabino, na ƙulle a cikinsa. Na ba Hadiza, tana ƙarama lokacin, na ce ta tura can ƙasan jakarsa, in ya tambaya ta ce Iya ce. Na san ta manta, da ta tuna da ba ta zama shugabar masu tsokana ba. Ya tafi. Da babban hutu ya dawo, damina ta sauka, sai labarin teyatur ya kawo inda Sani zai tafi ci-rani Najeriya. Abdu ya rubuta mini "ta yi masa guzuri," shi ke nan. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ji kaina ina cewa ga cuku da dabino nan na ɗaure maka a tsohon kallabina, kada ka ci a mota, ka bari sai ranar da kewar gida ta kama ka. Sau ɗaya tak aka faɗi wannan a duk tsawon wasan, kuma ranar hadari ya taso, rediyo na ta shaƙewa, mutane da yawa ba su ji ba. Washegari da yayanku ya zo gaishe ni, ya durƙusa ya daɗe fiye da kullum. Na ci gaba da tankaɗen gari kamar ban lura ba, amma na san ya ji.

Dama yaron yana da wani hali da ƙannen mahaifinku ke yi masa dariya a kai. In an je gidan bidiyo, sauran samari faɗa suke jira, shi kuwa uwar jarumin yake kallo. Ya san uwar fim ɗin Indiya da ta yi ta ɗinki a keke har idonta ya mutu, ya san wadda ta jira a tashar jirgin ƙasa, ya san ta finafinan Kano wadda ke yafewa da wadda ke tsinewa. Har matan nan na wasannin tele da ake juya wa magana zuwa Faransanci, masu kuka da kwalli bai zuba ba, ya san wace ce ta haifi wane. In ya karanta littafi a lakwal, abin da zai ba ku labari shi ne abin da uwar ta dafa. Mahaifinku yakan ce wannan yaro da karatunsa ya riƙe haka da ya zama likita. Ni ma ina taya su dariya, don ban tsaya na tambayi kaina abin da yake nema a wurin matan nan ba.

Shekara ta zagayo, yana gida hutu, gidan rediyo ya shirya gasar kacici-kacici a kan uwayen finafinai da tele da littattafai. Wani ɗan kasuwa ya ba da rago. Abdu kuma, da son a yaba masa, ya ƙara nasa kado, wato kyautar gasa: duk wanda ya ci, Inna Barira da kanta za ta kira sunansa a rediyo, ta ce masa ɗana, ta sa masa albarka yadda take sa wa Sani. Ya tambaye ni, na ce wannan ai ba komai ba ne. An sanar da haka da ƴan kwanaki, ina tuƙa tuwo rediyo na rataye a jikin turmi, sai na ji Abdu na jero waɗanda suka ba da sunansu. Na ji na yayanku. Muciya ta tsaya a hannuna har tuwon ya kama.

Mako bayan mako yana ta kayar da mutane. Malaman lakwal, masu gidan bidiyo, wani tela da ke alfahari ba fim ɗin da bai gani ba, duk ya wuce su. Gari kuwa ya gane inda aka dosa tun kafin a kai. In na je awo mata na taɓa juna. Wata maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin rijiya tana dariya.

"Hajiya, mun ƙagara. So muke mu ji yadda sunan nan zai hito daga bakinki."

Iya ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta kira ni ɗakinta ta sa na zauna.

"Ke, in yaron ga ya ci, mi za ki yi?"

Na ce, "Iya, sun ce ba ni ba ce, Inna Barira ce za ta kira."

"Inna Barira da bakin wa take magana? Rediyon ga har Birnin Lalle ana jin shi. Danginki na saurare, nawa na saurare. In kika yi, ni dai ban san inda zan sa huskata ba."

Na je wajen Abdu na roƙe shi ya canza kadon, ya ce an riga an sanar, kuma rabin masu sauraro wannan suke jira. Na kai ƙara wajen mahaifinku, ya ce shi dai a kawo ragon. Mutum ɗaya ne ban je wurinsa ba, shi ne yaron, don ba mu da hanyar da za mu yi irin wannan magana. Yana gaishe ni da safe, in amsa ina kallon gefe, ya tashi. Kuma na san ba rago yake nema ba, wanda ubansa ke da tumaki a garke.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar ƙarshen gasar, da na idar da sallar azahar, na ɗaga hannu na roƙi Allah Ya sa ɗana ya faɗi. Da bakina na roƙa, ban yi kuskuren harshe ba. Na shafa, na ɗaura ɗankwali na tafi.

Da la'asar aka yi, a filin gidan rediyo, an fito da lasifika waje saboda jama'a. An ɗaure ragon a gindin itacen bedi yana ta kuka. Aka ajiye mini kujera kusa da Abdu, mikro a gabana. Waɗanda suka rage su biyu ne, yayanku da wata yarinya Zuwaira daga Ɗan Gulbi, ƴar siririya mai kaifin baki, da ƙanin ubanta ya kawo a babur. Abdu ya yi ta jefa musu tambayoyi. Wace sana'a uwar wane ke yi, da wane hannu uwar wance ta mari surukinta, mene ne sunan akuyar tsohuwar da ke cikin littafin karatu na aji uku. In ya tambayi wannan ta amsa, in ya tambayi wancan ya amsa, ba wanda ya yi tuntuɓe. Jama'a na ihu, ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga har baya. Ina hango Iya a gaba cikin tsofaffi, ta kafe ni da ido. Ina jin matan bayana na cewa saura kaɗan.

Da tambayoyin suka ƙare ba wanda ya faɗi, Abdu ya ce akwai guda ɗaya da ya tono daga tsofaffin kaset, wadda ya tabbata ba kowa ya riƙe ta ba. Aka jefa ƙuri'a ta faɗa kan yayanku. In ya amsa ya ci, in ya kasa a ba yarinyar.

"To, saurayi. Ranar da Sani za ya tahi ci-rani, mi Inna Barira ta ɗaure mishi, kuma cikin mi ta ɗaure?"

Wallahi ban san da wannan tambayar ba. Da na ji ta, sai na ji kamar an cire mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Na ɗaga kai ba da niyya ba, muka haɗa ido da shi, abin da rabona da yi tun yana goye. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma na san abin da ke cikinta, addu'ar azahar ce. Ya daɗe yana kallona. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya jawo ƙyalle, ya goge goshinsa a hankali. Kore ne, da ƙuna a baki ɗaya. Ba wanda ya kula, mutum na zufa ya goge zufa. Ya ninke shi ya mayar aljihu, ya matsa kusa da mikro.

"Ƙuli-ƙuli," in ji shi. "Cikin leda."

Filin ya ɗauki ihu. Abdu ya riƙe kai yana cewa kash, kash, ɗan gida ya faɗi a ƙofar gida. Zuwaira ko jira ba ta yi a tambaye ta ba, ta ce cuku da dabino cikin tsohon kallabi, uwata ta yi kuka ranar. Aka ɗaga ta sama. Wani daga baya ya ƙwala, "Ɗan Inna Barira bai san guzurin Inna Barira ba!" Daga nan tsokanarku ta samo asali, ku gadonta kuka yi.

Abin da na fara ji a raina sauƙi ne. Ba zan ɓoye muku ba, numfashi na sauke, na ce alhamdu lillahi a zuciya. Kunyar daga baya ta zo, lokacin da Abdu ya turo mini mikro, yarinyar ta durƙusa a gabana. Na dafa kanta na ce, "Zuwaira, ɗiyata, ki tahi lahiya ki komo lahiya, idona na bisa hanya." Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan, na iya aikina. Ina faɗa ina hango shi a gefe yana tafa wa ɗiyar mutane. Shi ya kwance mata ragon ma, ya taya ƙanin ubanta ɗaure shi a babur.

A gida Iya ta yi ta yi masa tsiya cikin jin daɗi, ta ƙara masa nama a tuwo.

"Kai dai ka cika sakarai. Duk kallon bidiyon nan ashe na banza ne."

Ya ce, "Mantuwa ce, Iya."

Mahaifinku ya ce an yi asarar rago. Ni ina bakin murhu ina jin su. Na zuba wa yayanku ruwan wanka na ce wa Hadiza ta gaya wa ɗan Iya ruwa na bayi. Iyakar abin da na iya yi ke nan a ranar.

Mako na gaba na koma aiki. Abdu ya miƙo takarda, aka kunna jar fitila, yaron da ke fitowa a Sani ya ce Inna zan fita. Na buɗe baki in ce ɗana, kalmar ta ƙi fitowa. Aka sake, ta ƙi. Na ce maƙogwarona ne, na ɗauki mayafina na fito, ban sake shiga wannan ɗaki ba. Abdu ya yi ta zarya gidanmu har ya gaji, daga baya ya rubuta cewa Inna Barira ta tafi Makka ta zauna can. Mata sun daɗe suna jin haushina, wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce mahaifinku ne ya hana, ku ma haka kuka taso kuna ji. Bai hana ni ba, Allah Ya jiƙansa. Ni ce na ga ba zan iya ci gaba da raba wa ƴaƴan ƙarya abin da nawa ya zo nema a gaban gari ya koma hannu wofi ba. Na ɗauka hukunci na yi wa kaina. Sai da shekaru suka wuce na gane shi na ƙara cuta, don wannan rediyon ita ce kaɗai inda yake jin muryata tana cewa ɗana, ko da ba da sunansa ba. Na rufe masa ita ma.

Ban ce al'adarmu banza ce ba. Uwata mutuniyar kirki ce, Iya ma haka, kuma ta riƙe shi da zuciya ɗaya. Amma ranar nan ba al'ada ce ta ɗaga hannu bayan azahar ba, ni ce. Yaro ɗan lise ya dubi uwarsa ya ga tana tsoron dariyar mutane, sai ya karɓi dariyar ya ɗora a kansa, yana ɗauke da ita har yau, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ya san amsar ba. Bara matarsa na gyara masa akwati ta zo tana tambayata ko na san wani tsohon tsumma kore da ya hana a yar. Na ce ban sani ba. Ko a nan ma sai da na yi ƙarya.

To yanzu kun sani. Iya ta tafi, mahaifinku ya tafi, matan bakin rijiya saura ɗaya ko biyu, su ma ba sa ji sosai. Hadiza, in kin gama buga wannan babi a na'urarki, kada ki tura shi a waya, kada kuma wani ya riga ni karanta masa. Ku tara kanku ranar da ya dawo daga kasuwa, ku zaunar da shi, ku miƙo mini tabarau. Kwana biyu ke nan ina rufe ƙofa ina gwadawa ni kaɗai. In na kai layin ƙarshe na tsaya, kada kowa ya taimake ni, ku jira.

Lawali, ɗana, ni na ɗaure maka cukun.